Katangar Kakuri

Shekara goma sha tara ina rubuta "Allah ya kiyaye hanya"
a ƙeyar manyan motoci a Panteka,
sai ran Talata aka ce Alhaji Gwadabe mai kamfanin roba
yana neman mai fenti.
Na ɗauka ƙofar gidansa ce ta koɗe.

Ashe tsohuwar masaƙa ya saya a Kakuri,
inda injina suka yi shiru har gizo-gizo ya gaji sana'ar.
Ya sa an toshe rufin da ke yoyo,
an jera benci ɗari biyu,
wai masu wasan kwaikwayo da masu zane da masu garaya
su riƙa zuwa daga kudu da arewacin kogi.
Wasu suka ce haraji yake gudu.
Wasu suka ce kujera yake hange.
Ni ban tofa ba, na riga na karɓi kafin alƙalami.

Katanga ɗaya, taku sittin, masu fenti biyu.
Na biyun na tsugune yana dama shuɗi da hagu.
Hannun na gane kafin fuskar.
Didam.
Ɗaki ɗaya muka yi haya a Tudun Wada,
kafin shekarar da gari ya tsage biyu,
ya naɗe katifarsa ya haye gada,
ni kuwa ko bakin titi ban raka shi ba.

Ya ce, "Ilu, har yau kana cika wa fenti kananzir?"
Na ce, "Ina burushina da ka ara?"
Iyakar gaisuwar ke nan.
Sauran muka bar wa katanga.

Alhaji ya so farar tantabara da ganye a baki.
Didam ya ce bai taɓa ganin tantabara ta raba faɗa ba.
Sai muka zana gada da sassafe:
mai kifi da daro a ka,
'yar makaranta da tsinkakken takalmi a hannu,
bas ta mace a tsakiya, mutum shida na turawa,
ba wanda ya tambayi sunan wani.

A rana ta tara ya zo shi kaɗai,
ya daɗe a tsaye, hannu a baya.
Ya ce, "Ku ƙara mini mutum guda.
Gajere, mai wushirya, makullai a ƙugu.
Kambai, maigadin kamfanina.
Kwana uku ya ɓoye ni a busasshen tanki,
yana ce musu ba kowa a ciki.
Ni na fito."
Sai ya cire tabarau yana ta gogewa,
alhali ba abin da ya taɓa shi.

Ban san ko kuɗi na sayen zaman lafiya ba.
Ma'aikatansa har gobe suna ƙorafin albashi,
na ji su da kunnena a teburin mai shayi.
Abin da na sani, ya sayi gwangwani arba'in,
kuma Kambai na tsaye a gada yanzu,
kafaɗarsa a jikin bas.

Ranar buɗewa manya na ciki suna jawabi,
mu muna baya muna wanke burushi a bokiti ɗaya,
ruwan ya koma launin da ba shi da suna.
Da magariba ta kawo kai na ce zan haye.
Didam ya raka ni har bakin titi,
ya tsaya nan, hannunsa duk shuɗi,
har motar ta cika.