Akwatin Jin Jemagu

A gidanmu, in an ce ɓera, hannu ne ke lalubar takalmi.
Na tashi da tarko a bayan buhun gero
da muryar Inna cikin dare
tana tsine wa wanda ya gutsure mata sabulu.

Sai neman abinci ya kawo ni Halifax,
gida na goma sha huɗu a layin da ke hawa tudu,
inda Mista Ackroyd ke zaune gaban hita
tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye,
magana ta kwashe kayanta, ta bar masa nuni.

Ɓeraye biyu gare shi. Har da suna.
Biskit, fara mai tabo a kunne,
da Maud, tsohuwa mai jan ƙafar baya.
Ranar farko na saki salati
har shayi ya zube kan takardar magani.
Ya yi dariya da rabin bakin da ya rage.

Wata uku ina yi masa wanka, ina ƙirga ƙwayoyi,
ina kewaye kejin nan kamar rijiya marar murfi.

Wata Laraba, ruwa na tsiyaya a taga,
ya nuna mini durowa da haɓa.
Ɗan akwati baƙi, mai batir.
Na sauraron jemagu ne, in ji 'yarsa daga baya,
da shi yake bin bakin kogi da magariba
lokacin yana da ƙafa.
Ya murɗa shi da hannun hagu,
ya kwantar da Biskit rigingine bisa cinya,
ya yi mata cakulkuli da yatsa biyu.

Ɗaki tsit.
Akwatin kuwa: cik-cik-cik-cik,
kamar 'yan tsaki a ƙarƙashin kwando.
Ya janye hannu, ta bi shi da gudu tana neman ƙari.

Ashe duk watannin nan hira ake yi
a saman inda kunnena ke tsayawa.
Ni ce kurmar gidan.

Na koya sannu sannu.
In Maud na goga haƙora, idonta na rawa, daɗi take ji.
In akwatin ya ja dogon kuka siriri,
wani abu ya firgita ta:
motar shara, ko turaren da na shafa.

Maud ta mutu cikin watan Fabrairu.
Ni na haƙa mata rami da cokalin miya
a gindin bango, yana kallo ta gilashi.
Kwana shida muna kunna akwatin, sai shuuu.
A na bakwai ya kamo yatsuna, ya ɗora su kan cikin Biskit.
Ɗumi. Zuciya na bugu da sauri kamar ta makara.
Cik.
Sai kuma cik.

Jiya Inna ta kira, ta ce yaya aiki, yaya sanyi.
Na ce alhamdu lillahi.
Ban faɗa mata wace ce ke barci
a aljihun rigata ba.