Amya Ta Goma Sha Uku

Amya goma sha biyu Cvetko ya bar mini
a bayan gida, a gindin tsaunin Stol,
kowacce da zanen fenti a ƙofarta.
Yanzu dusar ƙanƙara ta kai musu wuya,
ƙudajen sun dunƙule a ciki suna ɗumama uwarsu,
ni kuwa ga ni a kicin
da kwamfutar da Tilen ya ajiye ya koma Ljubljana.

"Goggo, na kafa miki komai," in ji shi,
"saura ki zuba kaya."
Kamar a gina maka ɗaki
a tafi ba a nuna maka ƙofa ba.

Kalmar sirrin tana jikin kwalbar gishiri,
da rubutunsa mai kama da tonon kaza.
Sau uku na buga, sau uku aka ƙi ni.
Ashe babban baƙi da ƙaramin baƙi
ba sa ga-maciji a nan.

Da na shiga, ga jeri a hagu
kamar kwalabe a kan kanta:
shafuka, hotuna, saituna,
da wasu da ban yi musu sallama ba tukuna.
Shekara talatin ina tsoma hannu a amya ba safa,
yau yatsuna ke rawa
a kan linzamin da ba ya jan doki.

Na ɗora hoton kwalbar zuma,
aka ce ya yi nauyi.
Hoto fa!
Ni da ke ɗaukar durom in hau matakala.
Sai da na rage masa jiki ya wuce.

Na rubuta suna, na rubuta kuɗi,
na kira Milojka ta tsallaken hanya:
"Duba wayarki, ki ga abin mamaki."
Ta duba, ta ce ba ta ga ko ƙyalle ba.
Wai daftari ne.
Zuma ce a saƙa, ba a rufe bakinta ba,
ni kaɗai ke ganinta.

Ran Laraba na ce bari in canza masa riga,
wannan shuɗin bai yi mini ba.
Taɓawa ɗaya, shafin gaba ya ɓace,
fari fat kamar filin da ke waje.
Na kira Tilen, wayar tana ta kuka ba a ɗauka.
Rashin sani ya fi dare duhu,
ga kuma daren kansa tun ƙarfe biyar.

Can ƙasa na hango wani ɗan rubutu:
kwafin baya.
Ranaku a jere, kowacce da sa'arta.
Na zaɓi Talata, tara da kwata na dare,
sai ga komai ya dawo,
har waƙafin da na saka a inda bai dace ba.

Na daɗe a zaune.
Babu wanda ya ba ni irin wannan maɓalli
a watan Maris ɗin bara,
da na zaɓi ranar da bai fara tari ba.
Na tashi na ƙara itace a murhu.

Da safe na danna "wallafa".
Ba ganga, ba guɗa,
wani ɗan koren layi kawai ya ce an yi.
Na fita, na kara kunne a amya ta fari,
gunji na nan, ƙasa-ƙasa.
Cvetko kan ce sabuwar amya
ba a buɗe ta kullum, haƙuri take ci.

Kwana tara, saƙo ya shigo,
wani mutumin Graz, cikin ladabi:
shin da gaske kwalba ɗaya Yuro ɗari da ashirin?
Sifili ne ya maƙale mini a baya.
Na yi dariya har na share hawaye.
Zuma ce, da zaƙi da harbi.
Na gyara da kaina, ban kira kowa ba.