Kirya da Sabara

Gawayin kirya wurin Buba Maƙeri nake saye, a Ƙofar Marke.
Mai taurin kai ne, in ka matsa masa sai ya tsaga takarda.
Na sabara ni ke ƙona abina
cikin gwangwanin madara mai huda ɗaya,
a murhun Inno, bayan an sauke tuwo.
Shi kam laushi gare shi,
ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya tashi.

Takardata buhun siminti ce.
Wani direba daga Kalambaina ke tara mini,
in farke, in kakkaɓe, in danne da turmi kwana biyu.
Launinta na ƙasar fadama ne,
shi ya sa baƙi ba ya yi mata tsawa,
gaisawa suke yi.

Ba na zana fuska, ba na zana itace ko akuya.
Maƙwabta kan leƙo ta taga:
"Tumba, wanga fa, mine na?"
In ce, ke me kika gani?
"Ɓarnar gawayi."
In ce, to, ai kin ga wani abu.

Abin ya faro ne shekarar da idon Baba ya rufe.
Baduku ne. Shekara arba'in yana yanka jar fata
bai taɓa kauce wa layi ba.
Wata rana, tsakiyar bazara,
lokacin da ko ƙadangare ya bar kan katanga,
na ce, Baba, duhu kake gani?

Ya yi dariya har da tari.
"Duhu? Ai duhu hutu na.
Wanga abu ba shi zama wuri guda.
Shina tahowa awa hayaƙi cikin ruwa,
shi dunƙule, shi watse,
wani lokaci wani zare mai haske shi gitta,
kahin in ce ga shi, ya wuce."

Tun ranar nake bin zaren nan.

Na neme shi a bakin Rima, inda laka ta tsattsage
kamar diddigen manomin albasa.
Na neme shi a bangon madafa,
inda kunkunniya ta kewaye gurbin wata tukunya
da ta fashe tun ban yi wayo ba.
A kukan injin niƙa ma, idan wuta ta ɗauke
ya mutu a hankali.

Da gefen hannu nake farawa, ba da yatsa ba.
In shimfiɗa sabara har takarda ta yi nauyi,
sannan in ɗauko tsakiyar burodi, in murza,
in ciro haske daga ciki.
Rabin aikina gogewa ne.
Kirya sai can ƙarshe, layi biyu, uku,
wata rana ko ɗaya ba ta samu.

Jiya na kai masa wanda na yi sati uku a kansa.
Ban fesa masa ruwan ƙaro ba tukuna, na manta.
Ya shafa daga sama zuwa ƙasa,
yadda yake duba fata ko da tabon ƙaya.
Na ji cikina ya juya, ban ce komai ba.
Babban yatsansa ya ja wata hanya ta tsakiya,
karkatacciya, ta cinye layukana biyu.

"Kin cika shi da yawa," in ji shi.
"Nan wurin, babu komi."

Ya miƙe, yana lalube, ya nufi ɗaki.
Na dubi takardar.
Ga zaren.

Da safe Inno ta fito da tsumma da ruwa
za ta wanke bango:
tabon yatsu huɗu, huɗu, huɗu,
daga zaure har ƙofar ɗakinsa,
daidai tsayin kafaɗa.

Na riƙe mata hannu.
Na ce ta bari in dama ƙaro.