Sikelin Kawu Sassi

A Gafsa jirgin ƙasa kan wuce da asuba,
taragu a jere, maƙare da dutsen fosfat,
har kofunan shayi su yi rawa a kan tire.
Na san abin da ke cikin kowane tarago.
Shekara shida na yi a Sfax ina niƙa shi,
ina narka shi a kwalba, ina tacewa,
har malamai biyar suka miƙe tsaye
suka ce: Dakta Wassila.

Ran nan mahaifiyata ta rangaɗa guɗa a zauren jami'a
sai da mai gadi ya leƙo.
Mahaifina bai ce uffan ba, tari ne ya yi magana a madadinsa,
tarin shekara talatin a ramin Metlaoui.
Ya karɓi takardar da hannu biyu, a juye.
Ban gyara masa ba.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo.
To, ni dutsen na dafa, ba da karin magana ba,
da wuta, da asid, da idanuna da suka raunana.
Romon ne har yau ban gani ba.

Yanzu barkono nake aunawa a shagon Kawu Sassi.
Giram hamsin na kanumfari, ɗari na busasshen tattasai.
Matan unguwa sun ce hannuna ba ya ƙwange.
Ina za su sani
cewa a kan ma'aunin da numfashi ma kan karkata
aka horar da hannun nan?

Takardun neman aiki ɗari da sha bakwai.
Na ƙirga, don ƙirga ce abin da na iya.
Amsa huɗu.
Ta fari ta ce na fi ƙarfin gurbin.
Ta biyu ta ce ban goge ba.
Ta uku ta ce shekaruna sun haura da wata bakwai.
Ta huɗun ba tawa ba ce,
ta wani Ridha ce da aka saka a ambulan ɗina;
shi ma an ba shi haƙuri.
Tana nan cikin aljihun tebur, ina ajiye masa.

Anouar, da ya fi kowa lissafi a ajinmu,
yana can gidan gahawa, kofi ɗaya daga hantsi har la'asar,
yana juya cokali a abin da ya daɗe da hucewa.
Hedi kuwa daga Zarzis ya hau teku.
Damina biyu ke nan uwarsa na kwana da waya a tafin hannu,
ba ta bari cajinta ya sauka.

Makon jiya takardar ƙunshi ta ƙare.
Kawu ya dubi kwalin da ke bayan buhun gishiri,
ya dube ni, ya kau da kai.
Ni na ɗauko da kaina:
kundin bincikena, kwafin farko mai jan biron malami.
Shafi na tara ya tafi da citta.
Babi na uku kaf, kirfa ce ta cinye shi.

Jiya da yamma sai ga 'yar gidan Mbarka,
mai shekara goma, jakarta ta fi ta faɗi,
riƙe da shafi na tamanin da huɗu, duk ya yi maiƙo,
yana ƙamshin kanumfari.
Ta ɗora yatsa a kan zoben nan mai kusurwa shida:
"Mene ne wannan? Gidan zuma ne?"

Bakina ya cika da abin da ya kamata in faɗa mata.
Je ki gida. Koyi ɗinki.
Kada ki so abin da ba zai so ki ba.

Can nesa jirgin yamma ya yi kuka,
sikelin ya ɗan motsa, ba kowa a kansa.
Na share barkonon da ke kan kanta da gefen hannu,
na jawo mata kujera.
Na ce, "Kina da fensir?"