Wuƙar Bahago

Ranar da aka raba kayan Baba,
yayana ya ɗauki rediyo, ƙanena keke.
Ni aka miƙo mini wuƙa,
'yar ƙarama, mai naɗewa cikin ƙotarta
kamar kunkuru ya ji motsi.

Shekara talatin da biyu
yana yi wa mangwaro aure da ita a Samaru:
ya tsaga nan, ya fiƙe can,
ya haɗa baƙo da ɗan gida, ya ɗaure.
Ƙotar ta yi duhu, ta yi santsi,
da ɗan kwarmi inda babban yatsansa ke zama.

Na gwada ta a kan rake, ta kauce.
Na gwada a kan albasa,
ta ja gefe kamar jakin da ya san hanyar gida.
Na ce dakushewa ce.
Na goga ta a dakalin ƙofar gidanmu
har na yi mata giɓi.
Garin neman gira.

Jatau mai washi yana Tudun Wada,
bayan masu faci, ƙarƙashin rumfar kwano,
shi da duwatsu uku da gwangwanin ruwa.
Ya buɗe ta, ya ɗaga ta sama,
ya runtse ido ɗaya.
Ya ce, “Mai wannan bahago ne.”
Ban gaya masa ba.

“Duba. Wannan gefen ya sha dutse har ya kwanta.
Wancan ko gaisawa ba su yi ba.
Kaifin ya bar tsakiya, ya yi ƙaura.
A hannunsa daidai take tafiya,
a naki ne take ɗingishi.”

Ya lakato baƙin tukunyar mai shayi,
ya shafe bakin wuƙar da shi.
“Inda baƙin ya goge, dutse ya taɓa.
Inda ya rage, nan aikin yake.”
Ya yayyafa ruwa,
ya kwantar da ita, ya ɗan ɗaga bayanta,
tazarar da ashana biyu za su shiga.
Daga gindi zuwa tsini,
daga gindi zuwa tsini,
leɓɓansa na ƙirga, gwiwar hannu ba ta motsi.

Ruwan ya koma launin toka,
yana gangarowa ta gefen dutsen,
yana ɗiga a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.
Sai na gane abin da ke zuba.
Na ce, “Tsaya.”

Ya tsaya. Bai dube ni ba.
“Ƙarfe ba ya tsirowa, 'yata.
Ba a cika gefen da ya ƙare,
sai dai a rage wanda ya saura
har su haɗu a tsakiya.
Ta ajiya ce, ko ta aiki?”

Wata tirela ta wuce, rumfar ta girgiza.
Na tuna ɗan mangwaron bayan ɗakin Inna,
wanda Baba ya ce sai damina ta kankama,
damina ta kankama babu shi.

Na ce, “Ta aiki ce.”

Ya koma kan dutse mai kaushi har giɓina ya ɓace,
sannan mai laushi,
sannan tsohon bel da ya kafe a jikin benci.
Ya shafa da yatsa, ya ji ɗan gashin ƙarfe ya faɗi.
Ɗigon man keke a kan ƙusa.
Ya yagi jarida, ya ja:
ta rabu ba ko ƙara.
Ɗari biyar. Ya ce kar ta sake ganin dakali.

Da la'asar a Gyallesu
na tsuguna gaban ɗan mangwaron.
Ta shiga reshen sak, ba gardama.
Sai dai kwarmin nan na ƙota
yana ɗaya gefen har yanzu.
Babban yatsana ya lalube shi, bai samu ba.
Manuniya ce ta faɗa ciki.