Kundin Valdemar

Mijina Valdemar ba ya shan taba, ba ya caca,
amma yana da ɗan kundi mai shuɗin bango
da yake ɓoyewa bayan gwangwanin kofi.
Babu sunan mace a ciki, na duba.
Lambobi ne, layi bisa layi,
kamar tururuwa ta gano buhun sukari.

Maki ne, in ji shi.
Duk abin da ya saya da katin bashi
banki na ɗiga masa kaɗan:
burodi, maki; man mota, maki;
maganin hawan jinin uwarsa, ninki biyu ran Talata.
Ranar da tabarauna ya fashe
sai da ya murmusa kafin ya ce min sannu.

In abokai sun taru cin gasasshen nama ran Lahadi
shi ke rigan kowa miƙa kati.
Baƙo sai ya ɗauka karamci ne.
Mu da muka san hali mun riga mun ƙirga namu,
don a bakin ƙofa zai tsaya
yana karɓar kason kowa, har da canji.

Na ce, bashi hanji ne, na yarda,
amma wa ka taɓa gani yana kiwon hanji?
Ya ce, Ivonete, sirrin ɗaya ne:
a biya duka kafin wata ya mutu,
kada kuɗin ruwa ya san ƙofar gidanmu.
Sau ɗaya ya makara,
watan da aka yi wa ɗiyarmu Tainá aikin makogwaro.
Kwana uku yana hira da silin.

Shekara biyu da wata biyar yana tari,
sanyin Curitiba ya zo ya wuce, ya sake zuwa.
Dubu sittin ake nema, kujera biyu zuwa Belém,
shi da tsohuwarsa Zuleide,
wadda rabonta da ƙanwarta shekara talatin da huɗu.
Daren da lissafi ya cika mun sha lemo a tsaye.
Gari na wayewa kamfanin jirgi ya ce dubu tamanin.

Ya zauna bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa.
Maganar ta zo min har haƙori,
ai na faɗa maka.
Na haɗiye ta da kofi.

Daga nan ya zama maharbin dare.
Ƙarfe biyu, hasken waya a fuskarsa,
yana bin ranakun wata ɗaya bayan ɗaya
har ya kama wata Laraba:
tashi da asuba, zaman awa bakwai a São Paulo,
layin ƙarshe, jikin ƙofar bayi,
zuwa da dawowa.
Kujera ɗaya.

Bai daɗe yana kallonta ba.
Ya rubuta sunan uwarsa, harafi harafi,
ya duba sau uku.

A filin jirgi ta ce, nawa ka kashe?
Ya ce, ko sisi, Mama, sai ɗan haraji.
Ta gyara masa wuyan riga.
Ta ce, ɗakina na kallon naku,
na san ƙarfe nawa fitilarka ke mutuwa.

Da dare waya ta yi ƙara.
Ruwa muke ji yana dukan kwano,
da tsofaffi biyu suna magana lokaci guda,
ba mai sauraron wata,
dariya, kuka, wani zance kan bishiyar mangwaro
da aka sare ko ba a sare ba.
Valdemar ya riƙe wayar da hannu biyu
kamar kwanon miya mai zafi.
Bai ce komai ba.

Da safe na tarar da kundin a buɗe kan tebur.
Sabon shafi, layi ɗaya:
ɗari biyu da goma sha biyu,
makin akwatin da ya saya mata.
Yana tsaye a kicin, kunne a karkace.
Ya ce, Ivonete,
firijin nan, ba ki ji kamar ya fara tsufa ba?