Matakala Arba'in da Biyu

Ofishinta yana kan tudu, a Valparaíso,
inda gidaje ke hawan kan juna kamar awaki.
Matakala arba'in da biyu ne zuwa ƙofarta.
Na ƙirga. Kullum ina ƙirgawa.
Shekarata hamsin da takwas,
ina gyaran injin jiragen ruwa a gindin tudun,
hannuna ba ya rawa a kan ƙarfe mai zafi,
amma a nan kofin shayi ya fi ƙarfina.

Talatar farko ban ce uffan ba.
Ta biyu na yi mata zancen tsadar kifi.
Likita Ximena ba ta kore ni ba,
ba ta kuma ja ni ba.
Ta dai juya kujerata da kanta
don in riƙa ganin ƙofa.
Ban roƙa ba. Lura ta yi.

A ta biyar ta ce, "Eulalio,
wa ya koya maka ƙirga matakala?"

Na ce, takalmin babana.
In ya hau ɗaya bayan ɗaya, akwai burodi,
wataƙila har da waƙa.
In ya ja ƙafar hagu, ya tsaya a ta sha tara,
ya yi tari, makullai suka faɗi,
to ni da ƙanwata Fresia
sai bayan buhun gawayi.
Ina toshe mata kunne da tafukana,
nawa kunnen babu mai toshewa.
Shekarata bakwai.

Na jira ta ce ya wuce, a yi haƙuri,
abin da kowa ke faɗa ke nan,
sai ka ce miki yana duba kalanda.
Ba ta faɗa ba.
Ta ce, "Sa ƙafafunka a ƙasa. Me ka taka?"
Na ce, katako.
"Na wane gida?"
Na daɗe kafin na ce, naki.
"Wace shekara muke?"
Na faɗa mata da murya kamar ta aro.

Ta ce yaron nan ya yi gadi da kyau,
ya tsare ƙanwarsa, ya tsare kansa,
sai dai ba wanda ya je ya gaya masa
an tashi aiki tuntuni.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya.
Jiya ɗana Nicanor ya jefa makullai kan tebur,
nan take cikina ya ɗuri ruwa.
Amma ban daka masa tsawa ba.
Na dafa teburin, na ce a raina, katako, gidana,
sannan na ce masa, zo ka ci abinci.

Yau da nake saukowa daga wurinta
wani jirgi ya yi kuka a tasha,
wata mata na shanya riguna masu ruwan lemo,
iska na ƙoƙarin ƙwace mata ɗaya.
Na tsaya kallo.
Sai da na kai titi na tuna
lissafi ya ɓace mini
wajen ta ashirin da wani abu.